Taikwando a Agadez: wa zai biya kuɗin hanya?

  Shirinmu na faɗakarwa na yau a kan taikwando ne, wasan nan na mutanen Koriya da ake yi da fararen kaya da ɗamara, ana kai shuri har bisa kai. Na san wani dattijo yana zaune gaban shahinsa yana cewa, a garin da ake fama da ruwan sha da tsadar hatsi, mene ne na ɓata lokacin rediyo a kan shure-shuren yara? Baba, a yi mini haƙuri kaɗan. Wannan shure-shuren ne ya kawo wa Nijar lamba mafi daraja da ta taɓa samu a wasannin Olamfik.

Lambar farko da ƙasar nan ta ci a Olamfik ta tagulla ce, ɗan dambe Issaka Dabore ya ɗauko ta a birnin Munik na Jamus a 1972. Daga nan shiru, shekara 44, sai a watan Agusta na 2016 a birnin Riyo na Burazil, inda Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kayar da ɗan Faransa, ya kayar da ɗan Burazil a gaban jama'arsa, ya kayar da Dmitriy Shokin na Uzbekistan wanda yake riƙe da kambun duniya a lokacin, kafin ɗan Azarbaijan, Radik Isaev, ya tsayar da shi a karon ƙarshe. Ya dawo da azurfa. Shekara ta zagayo, a 2017, a garin Muju na Koriya ta Kudu, ya doke Mahama Cho na Birtaniya ya zama zakaran duniya a ajin masu nauyi. Duk wanda ya san Yamai a ranar da Alfaga ya sauka daga Riyo ya san irin jama'ar da ta fito tarbarsa.

To amma tambayar da ba mu cika yi ba ita ce, a ina aka horar da shi? Alfaga yana yaro mahaifinsa ya hana shi wasan, saboda wani ɗan'uwansu ya rasu sanadin rauni da ya samu a ciki. A Togo, wurin dangi, ya koma wa wasan, da rigar aro. Da hazaƙarsa ta bayyana, tallafin kwamitin Olamfik na duniya ne ya kai shi garin Friedrichshafen na Jamus, hannun wani mai horarwa da ake kira Markus Kohlöffel, kuma can aka goge shi. Mu mutanen Agadez mun san aikin azurfa: ɗanyen ƙarfe daban, abin wuyan da ya fito daga hannun maƙeri daban, kuma tsakaninsu akwai gawayi da zuga-zugi da kwanakin aiki waɗanda sai wani ya biya. Ƙarfen namu ne, ba musu. Maƙerar kuwa ta wasu ce, su suka sayi gawayin.

Ba ina faɗar haka don rage darajar kowa ba. Hukumar taikwando ta ƙasa ta yi ƙoƙari, kuma sunan Nijar yana da nauyi a wannan wasa, tunda ɗan ƙasar nan, Issaka Ide, shi aka zaɓa a 2021 ya shugabanci tarayyar taikwando ta Afirka baki ɗaya. A wasannin Tokiyo, Tekiath Ben Yessouf ta fitar da Mayu Hamada, tsohuwar zakarar duniya, a cikin gidansu Japan, ta je har karon neman tagulla ta ƙare ta biyar. A Paris a 2024 an ga sabon jini, Nouridine Issaka Garba, tare da Alfaga. Amma daga Tokiyo da Paris duka ba a dawo da lamba ba, kuma ɗan wasa ba ya dawwama a fage. Wanda zai gaje su yanzu yana aji uku ko huɗu na lakol, wataƙila a unguwar Dagamanet, wataƙila a Tudu ko Sabon Gari. Bari mu bi sawun wannan yaron mu ga inda hanya take yanke masa.

Farkon abin ba tsada. Tela na unguwa yana iya ɗinka farar riga da wando, ɗamara ba ta fi ƙarfin uba ba, fili kuwa harabar lakol ko ta gidan matasa ta isa, bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin Agadez yana wuce digiri 40, ba mai tsallen da zai yi da tsakar rana. Malamin wasan, wanda yara ke kira metur, galibi yana da sana'arsa ta daban, ko soja ne, ko malamin lakol, ko ɗan kasuwa. Ɗan abin da iyaye ke bayarwa a wata ba ya riƙe gida, wasu ma ba sa bayarwa, shi kuma ba ya korar yaro. Haka wasan yake rayuwa a garuruwanmu, a kan aljihun mutum ɗaya da son ransa. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko iyali suka yi yawa, kulob ya watse, yara su koma bakin titi.

Matsala ta fara ne ranar da yaro ya tashi daga koyon tsayuwa da kai shuri a iska, ya shiga karo da abokin hamayya. Nan sai da sulken ƙirji, da kwalkwali, da makarin hannu da na ƙwauri, da na gaba, da robar da ake sa wa haƙora. Ba ɗaya daga ciki da ake yi a nan, duka daga waje ake shigo da su. Sai kuma shimfiɗar roba da ake faɗuwa a kai, wadda faɗinta a gasa mita takwas ne. Yaron da ya saba juyi a kan rairayi ko siminti, ƙafarsa ba za ta gane roba ba a rana ɗaya, kuma faɗuwa da ƙeya a kan siminti ba abin wasa ba ne. Iyayen da ke tsoro suna da gaskiyarsu. Amsar tsoronsu kayan kariya ne da malami mai takardar horo, ba lallashi da baki ba.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne sosai, domin nan ne wasan ya canza ya bar talaka a baya. Da can alƙalai ne ke zaune a kusurwoyi suna danna maki da abin da idonsu ya gani. Daga Olamfik na Landan a 2012 aka koma sulke mai na'ura, a Riyo kuma aka ƙara da kwalkwali mai na'ura. Ɗan wasa yana sa wata safa ta musamman mai maganaɗisu a ciki. Idan ƙafarsa ta sauka a kan sulken abokin karo, na'urar da ke cikin sulken za ta auna ƙarfin dukan, ta aika wa kwamfuta ba tare da waya ba. In ƙarfin ya kai ma'aunin da aka sa wa ajin nauyinsu, maki ya hau allo. In bai kai ba, ko kuwa gefen ƙafar da ba maganaɗisu ne ya taɓa, to ko ƙarar dukan ta cika ɗakin, allo ba zai motsa ba. Naushi a ƙirji maki ɗaya ne, shuri a jiki biyu, a kai uku, wanda aka yi da juyi kuma ya fi haka. Kamfanoni ƙalilan ne aka amince da kayansu, irin su Daedo da KP&P, kuma kowanne da halin na'urarsa. Cikakken saiti na fili ɗaya, da sulkuna masu girma daban-daban da kwamfuta da allo, kuɗinsa miliyoyin sefa ne.

Ku duba abin da wannan ke nufi. Yaro ya shekara biyar yana horo da sulken soso, ya iya duka mai ƙarfi wanda ke sa ƴan kallo ihu. Ran da ya je babbar gasa aka ɗaura masa sulken na'ura karon farko a rayuwarsa. Abokin karonsa, wanda kullum da na'urar yake horo, ya san daidai inda zai ɗora tafin ƙafa, ya tsaya a ƙafa ɗaya yana tura ta gaba yana tara maki a hankali. Namu yana ta zuba ƙarfi, allo na nuna sifili. Zagaye minti biyu ne kacal. Kafin ya gane abin da ke faruwa an ɗaga hannun wancan. Sai ya dawo gida a ce ai yaran Agadez ba su iya ba, alhali ba a taɓa nuna masa ma'aunin da za a auna shi da shi ba.

Sai maganar hanya, wadda ita ce tamu ta musamman. Manyan gasanni da zaɓen ƴan wasan ƙasa yawanci a Yamai ake yinsu, can ne manyan ɗakunan wasa suke, can ne makarantar horar da malaman wasanni take. Daga Agadez zuwa Yamai fiye da kilomita 900 ne, ta Abalak, Tawa, Ƙonni da Doso, kuma ba sai na gaya wa kowa halin da hanyar Tawa take ciki ba, duk wanda ya shiga kar ya sani a ƙugunsa. Ɗan wasan Yamai yana kwana a ɗakinsa, ya hau kabu-kabu ya zo fili. Namu ya kwana zaune a mota, ƙafafu sun kumbura, ya sauka ya tarar da sikeli, domin ana awon nauyi tun jajibirin gasa, kuma wanda ya haura ajinsa an cire shi. Saboda tsoron sikelin nan wasu yara ke ƙin ci da sha a hanya, abin da yake da haɗari ƙwarai a ƙasa mai zafi irin tamu. Ku lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa na yara goma da malaminsu, da masauki, da abinci na kwana huɗu ko biyar. Wannan lissafin ne ke zaɓen wanda zai wakilci jiha, sau da yawa ɗan mai hali ya tafi, wanda ya fi shi iyawa ya zauna.

Wanda ya tsallake wannan ma bai iso ba. Hanya ɗaya ta zuwa Olamfik ita ce tara maki, makin kuma a gasannin ƙasa da ƙasa ake tara shi. Ƙaramar gasa da hukumar duniya ta amince da ita tana ba zakara maki 10, ta sama da ita 20, gasar nahiya 40, kuma makin yana zubewa in mutum ya daina fita. Akasarin waɗannan gasanni a Turai da Asiya ake yi. Ɗan Jamus yana shiga jirgin ƙasa ya je Beljiyam ko Holan ranar Asabar ya dawo Lahadi. Ɗan Nijar sai tikitin jirgin sama, da biza, da kuɗin rajista, da lasisin shekara, da takardar baƙar ɗamara daga Kukkiwon a birnin Seul. Ga shi a Olamfik aji huɗu ne kawai na maza, huɗu na mata, kuma a gasar share fage ta Afirka mutum biyu ake ɗauka a kowane aji, a nahiyar da ke da Masar da Maroko da Tunisiya da Kodebuwa. Ta wannan ƙaramar ƙofa Alfaga ya bi a garin Agadir a 2016.

Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana. A Najeriya, Chika Chukwumerije ya ci tagulla a Beijin a 2008, kuma sanannen abu ne cewa mahaifinsa, Sanata Uche Chukwumerije, shi ya ɗauki nauyin yawancin horonsa da tafiye-tafiyensa. Yara nawa ne ubansu sanata? Daga wancan lokaci Najeriya, da duk yawanta da arzikinta, ba ta sake cin lambar taikwando a Olamfik ba. Kodebuwa kuwa ta bi wata hanya. Wasan ya bazu a unguwannin Abijan, kulob a kan kulob, har aka gina masa katafaren gida da taimakon Koriya ta Kudu. Cheick Sallah Cissé ya ci zinariya a Riyo a daƙiƙar ƙarshe, Ruth Gbagbi ta ci tagulla a Riyo ta maimaita a Tokiyo, Cissé ya ƙara tagulla a Paris. Olamfik uku a jere ba su dawo hannu rabbana ba. A ganina bambancin ba na jini ba ne ko na tsawo, domin in dogayen ƙafafu ake nema, Allah ya hore wa yaran Abzin. Bambancin shi ne can akwai masu jiran layi a bayan kowane zakara.

To ina kuɗin zai fito? Wasu za su ce ƙasa na fama da matsalar tsaro, baitulmali ba shi da sararin wasa. Gaskiya ne, kuma ba na tsammanin gwamnati za ta ɗauki komai. Amma mu dubi kokowa. A watan Disamba na 2023 nan Agadez aka yi gasar takobi karo na 44, Issaka Issaka na Doso ya ɗauka. Kun ga yadda kyauta ta riƙa zuba, daga hukuma, daga kamfanoni, daga ƴan kasuwa, ana shelar sunan kowa a lasifika. Kokowa ta cancanci haka, gadonmu ce, ba na yi mata hassada. Abin da ta nuna mini shi ne hannun mutanenmu a buɗe yake ga wasa. Sai dai mun saba bayarwa bayan an yi nasara, a gaban jama'a, lokacin da maroƙi zai kira suna. Taikwando kuwa kuɗinsa kafin nasara ake bukata, shekaru takwas ko goma kafin ta, a lokacin da ba kalangu ba kyamara, kuma cikin yara ashirin da aka kashe wa wataƙila ɗaya ne zai yi suna. Sauran goma sha taran ba asara ba ne: sun sami lafiyar jiki, sun koyi ladabi da tashi a kan lokaci, kuma a shekarun da ƙwaya da hanyar Libiya da ramukan zinariya ke kiran samari, suna da wurin zuwa kowace yamma.

Jihar nan ba matalauciya ba ce. Yuraniyom na Arlit, gawayin Cirozerin, zinariyar Jado da Cibarakaten, duka daga ƙasarmu suke fita. Dokar ma'adinai ta tanadi kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ƙasa ke samu daga haƙar ma'adinai a mayar wa ƙananan hukumomin jihar da aka haƙa. Makarantu da asibitoci da rijiyoyi su ne a gaba, ba mai jayayya. Amma hukumar gari tana iya rubuta ɗan layi guda a kasafinta na shekara, da sunan wasannin matasa, wanda ba zai dogara da farin jinin wani ko zuwan wani baƙo ba. Mun ga gine-ginen da aka yi lokacin bikin Agadez Sokni a 2016. Gini yana da daɗin buɗewa, ana yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Abin da ke riƙe wasa shi ne kuɗin da ke zuwa kowace shekara ko ba yawa: shimfiɗa ɗaya mai kyau a ɗaki mai inuwa, saitin na'ura ɗaya na jiha baki ɗaya wanda kulob-kulob za su riƙa karɓa bi da bi, kuɗin mota na gasar ƙasa, da tura malamai biyu ko uku su yi kwas na horarwa da alƙalanci.

Su ma masu riƙe da wasan akwai magana a kansu. Ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi inda ba ya ganin lissafi. Kulob ɗin da ke neman taimako ya zama yana da rajista, da sunayen yaransa da shekarunsu na gaskiya, da littafin shiga da fita wanda iyaye za su iya buɗewa. In an karɓi jika ɗari, a nuna rasit ɗin jika ɗari. A tawagar da za ta yi tafiya kada masu rakiya su fi ƴan wasa yawa, wannan ciwo ne da ya daɗe a wasannin Afirka. Kuma ɗamara a bayar da ita ga wanda ya ci jarrabawa, domin baƙar ɗamarar da aka saya ranar gasa take tona asirin mai ita da na malaminsa.

Kada a manta da ƴan mata. Rabin lambobin Olamfik nasu ne, kuma kayan wasan suna rufe jiki daga wuya har idon sawu, dokar wasan ta yarda mace ta sa ɗankwalinta ƙarƙashin kwalkwali. Ƴan matan Masar da Iran da Maroko haka suke fita suna cin lambobi. Abin da uwa take so ta sani shi ne wa ke koyar da ƴarta, a ina, da ƙarfe nawa za ta dawo. Kulob ɗin da ya sami mace mai horarwa, ya tashi kafin magariba, zai ga ƴan mata sun cika shi.

Saura kira. Iyaye, ku taka da ƙafarku ku je wurin da ɗanku yake horo, ku ga ko akwai kwalkwali da shimfiɗa, ku tambayi metur takardarsa, in kun gamsu ku riƙa biyan ɗan kuɗin watan nan a kan lokaci. Alhazan tasha da masu motocin sufuri, kujera goma sau biyu a shekara ba za ta karya ku ba, kuma sunanku zai hau bayan rigar yaran har Yamai. Masu zinariya da kamfanonin haƙa, saitin na'ura guda ɗaya muke roƙo a saya wa jiha. Masu riƙe da ƙananan hukumomi, lokacin tsara kasafi ku kira shugabannin kulob ku ji bukatarsu a rubuce. Hukumar ƙasa kuma, a riƙa juya gasar ƙasa tsakanin jihohi kamar yadda ake juya takobi, ƴan Yamai su ma su zo su ɗanɗana hanyar Abalak.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Duk malamin taikwando da ke saurare a cikin jihar nan, ƙofar gidan rediyon a buɗe take, ya zo da yaransa da littafin lissafinsa mu ba shi makirfo.